Idan Hanci Ya Daina Jin Ƙamshi, Ina Matsalar Take?

Kafin shekarar 2020, da wuya ka ji an ce wani ya tafi asibiti don kawai ya daina jin ƙamshi. Annobar korona ce ta fito da matsalar fili, lokacin da mutane a ƙasashe daban-daban suka riƙa wayar gari ba sa jin ƙamshin sabulu ko na shayi, alhali hancinsu a buɗe yake, babu majina, babu toshewa. A watan Afrilun shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanya wannan cikin alamomin cutar, Birtaniya ta bi sahu a watan Mayu. Annobar ta lafa, amma ta bar ruɗani a bayanta. Wasu sun ɗauka duk wanda ya daina jin ƙamshi korona ce ta kama shi. Wasu suna ɗora laifin a kan zazzaɓin cizon sauro ko magungunansa. Wasu kuma, kuma su ne mafi yawa, suna ganin abin bai kai a tayar da hankali ba, tunda ba ciwo yake yi ba. Abin da hujjoji suka nuna shi ne, rashin jin ƙamshi alama ce da cututtuka masu yawa ke haifarwa, daga mura ta kwana biyar har zuwa lalurar ƙwaƙwalwa. Saboda haka tambayar farko ita ce a ina matsalar take, domin amsarta ce ke nuna maganin da ya dace da kuma yawan fatan da za a sa.

Sunayen da likitoci ke amfani da su

Likitoci sun raba lalurar kashi huɗu. Anosmiya ita ce rasa jin ƙamshi da wari gaba ɗaya. Haifosmiya raguwa ce: mutum yana ji, amma sai ya kai abin dab da hancinsa. Farosmiya jirkicewa ce, inda abin da aka saba da ƙamshinsa ya koma wani abu dabam, nama ya riƙa warin ruɓa, albasa ko man goge baki su riƙa ƙauri kamar an ƙona roba. Fantosmiya kuwa ita ce jin warin abin da babu shi a wurin, yawanci hayaƙi ko ƙauri. Wannan ta ƙarshe ta fi tsorata mutane, har wasu kan danganta ta da iska, alhali tana da sanannun dalilai: takan biyo bayan mura mai tsanani, takan zo da ciwon ɓarin kai, wani lokaci kuma gargaɗi ce ta wani nau'in farfaɗiya.

Akwai kuma rikitarwa tsakanin ƙamshi da ɗanɗano. Harshe abu biyar kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani ɗanɗano irin na romon nama ko daddawa wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya bayyana a 1908 ya kira shi umami. Galibin sauran abin da muke kira daɗin abinci ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci yayin tauna. Wanda ya rasa jin ƙamshi zai ci miyar kuka ya ji gishirinta, ya ji yauƙinta, ya ji zafin barkono, amma ƙamshin daddawa da na man shanu sun ɓace, sai ya ce bakinsa ne ya mutu. Zafin barkono da sanyin man shafawa irin su Robb ma wata jijiya ce dabam ke ɗaukar su. Shi ya sa mutum kan shaƙi Robb ya ji sanyi ya ratsa shi, ya tabbatar wa kansa cewa hancinsa lafiya lau, alhali ba haka ba ne. Gwajin da ya fi gaskiya shi ne a rufe ido a sansana sabulu, ɓawon lemo ko garin kofi, a gwada kowace ƙofar hanci ita kaɗai.

Yadda ƙamshi ke kaiwa ƙwaƙwalwa

A can ƙololuwar cikin hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ɗan wuri da miliyoyin jijiyoyin ƙamshi suke. Idan iska ta kawo sinadaran da ke tashi daga abu, sai su narke a cikin damshin wurin, jijiyoyin su cafke su. Masana biyu 'yan Amurka, Linda Buck da Richard Axel, su suka gano a 1991 yadda wannan cafkewar ke faruwa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da nau'o'in waɗannan masu cafkewa kusan 400. Daga nan zaruruwan jijiyoyin, sirara ƙwarai, suna ratsa wani ƙashi mai hudoji kamar rariya, su shiga ƙasan ƙwaƙwalwa, saƙon ya wuce zuwa sassan da ke kula da tunawa da motsin rai. Abin da ya bambanta waɗannan jijiyoyi da yawancin na jiki shi ne suna sabuntuwa: tsofaffi na mutuwa, sababbi na fitowa, muddin tushensu bai lalace ba. A kan wannan baiwa ce duk fatan warkewa ya rataya.

Wurare uku da matsala ke aukuwa

Wuri na farko shi ne hanyar iska. Jijiyoyin lafiyarsu ƙalau, ƙamshin ne ba ya isa gare su. Mura ce kan gaba a nan, sai alaji, wato borin da cikin hanci ke yi idan ya haɗu da ƙura, hayaƙi ko garin fure, wanda ke tsananta lokacin hunturu. Sai kumburin kogunan ƙashin fuska da ake kira sainus, wanda idan ya wuce makonni 12 ana ɗaukarsa a matsayin mai daɗewa, kuma sau da yawa yakan zo da tsiron nama mai laushi a cikin hanci. Alamar wannan rukuni ita ce jin ƙamshin yana zuwa yana tafiya: yau an ji, gobe babu, bayan wanka da ruwan ɗumi ya ɗan dawo. Nan ne aka fi samun nasarar magani, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin mai toshewar hanci ta shekaru kan saba da ita har ya ɗauka haka aka halicce shi.

Wuri na biyu shi ne jijiyoyin kansu. Ƙwayoyin cuta na bairos masu kawo mura sun daɗe suna yin wannan ɓarna tun kafin korona; abin da korona ta yi shi ne ta yi wa mutane masu ɗimbin yawa a lokaci guda. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2020 ya nuna cewa ƙwayar cutar ta fi kama ƙwayoyin halittar da ke tallafa wa jijiyoyin, ba jijiyoyin kai tsaye ba, kuma wannan ya bayyana dalilin da ya sa yawancin mutane suka warke cikin makonni. Wani nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na waɗanda korona ta taɓa wa jin ƙamshi ne matsalar ta zauna musu. A cikin irin waɗannan, masu bincike a Jami'ar Duke sun tarar da kumburi da bai lafa ba da kuma raguwar jijiyoyin. Nau'in Omicron na korona bai kai na farko taɓa jin ƙamshi ba, don haka a yau wanda ya daina jin ƙamshi ba shi da hujjar yanke hukunci cewa korona ce, balle ya tsaya a nan.

Buguwar kai ma tana cikin wannan rukuni, kuma ta cancanci a tsaya a kanta saboda yawan haɗarin babur a garuruwanmu. Idan kai ya bugu da ƙarfi, musamman ta ƙeya, ƙwaƙwalwa takan motsa a cikin ƙoƙon kai, sai siraran zaruruwan nan da ke ratsa ƙashi mai hudoji su tsinke. Ba dole ba ne a ga jini ko karaya. Ɗan acaɓa zai faɗi, a ɗinke masa goshi, a sallame shi, sai bayan makonni ya lura ba ya jin warin fetur ɗin da yake zubawa a tankinsa. Warkewa daga wannan ya fi na bayan mura wuya. Sai kuma abubuwan da ake shaƙa: hayaƙin sigari, tabar shaƙawa, sholisho, tina da fenti, maganin feshin gona, da ƙurar wasu ƙarafa a wuraren walda. Waɗannan a hankali suke ci, mai sana'a ba zai lura ba sai abin ya yi nisa.

Wuri na uku shi ne ƙwaƙwalwa. Tsufa kansa yana rage jin ƙamshi: binciken Richard Doty na Jami'ar Pennsylvania a 1984 ya nuna fiye da rabin masu shekaru 65 zuwa 80 suna da raguwa mai yawa, sama da shekara 80 kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu. Amma akwai abin da ya fi tsufa. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwa da sandarewar jiki, suna da wannan raguwa, kuma takan riga karkarwar zuwa da shekaru. Haka ma cutar mantuwa ta Alzheimer. Wannan ba ya nufin duk dattijon da hancinsa ya yi rauni yana kan hanyar waɗannan cututtuka. Mafi yawansu ba za su kamu ba. Akwai kuma ƙari da kan fito a ƙasan ƙwaƙwalwa ya danne jijiyar, da waɗanda aka haifa ba sa jin ƙamshi sam. Idan yaro bai taɓa jin ƙamshi ba kuma balagarsa ta yi jinkiri, likitoci kan duba wata lalura ta gado mai suna Kallmann, wadda ɓangaren balagarta yana da magani.

Masu cewa ai ba ya kisa

Wannan ita ce hujjar da aka fi kafawa don yin biris da lalurar, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta: idan aka jera ta da makanta ko kurumta, mai ita yana ci gaba da sana'arsa. Sai dai hanci mai gadi ne. Iskar gas ta girki a asalinta kusan ba ta da wari. Da gangan ake zuba mata wani sinadari mai ɗoyi don a gane idan tana zuba. Wannan al'ada ta yaɗu ne bayan fashewar da ta auku a wata makaranta a garin New London na jihar Texas a 1937, inda gas marar wari ya taru ya hallaka mutane kusan 300, yawancinsu yara. Gidaje da yawa sun koma girki da gas, kuma uwargidan da ba ta jin wari ba ta amfana da wannan kariya ko kaɗan. Ba za ta ji ƙaurin wayar lantarki da ta fara narkewa ba, ba za ta gane miyar jiya ta juya ba, a wuraren da wuta ba ta tsayawa balle firiji ya riƙe sanyi.

Sai ɓarnar da ke zuwa a ɓoye. Wanda abinci ya daina yi wa daɗi ko dai ya rage ci ya rame, ko ya riƙa ƙara gishiri, dunƙule da sukari don ya ji wani abu, wanda haɗari ne ga mai hawan jini ko ciwon suga. Ga damuwar rai: mutum ba ya iya sanin ko jikinsa na wari, sai ya fara janye jiki daga mutane. A al'ummar da turaren wuta da humra ke cikin kayan aure, ake fesa turare kafin a tafi Juma'a, wannan rashi ba ƙarami ba ne, kuma bincike da dama sun danganta shi da ciwon damuwa. Wani nazari na Jami'ar Chicago da aka buga a 2014 ya bi diddigin dattawa kusan 3,000 na tsawon shekaru biyar. Kashi 39 cikin 100 na waɗanda suka rasa jin ƙamshi sun rasu a wannan lokaci, idan aka kwatanta da kashi 10 na masu lafiyayyen hanci. Masu binciken da kansu ba su ce rashin ƙamshin ne ya kashe su ba. Sun ɗauke shi a matsayin manuniyar cewa jiki ya fara rauni. Ko a haka aka tsaya, ya isa dalilin da zai sa a kai dattijo a duba shi.

Magani gwargwadon tushe

Idan toshewa ce, ana samun sauƙi da wanke hanci da ruwan gishiri, wanda dole ya kasance an tafasa shi ya huce, da maganin feshin hanci mai rage kumburi na rukunin sitiroyid, wanda sai an jure makonni ana amfani da shi kafin a ga aikinsa. Idan tsiron nama ya yi girma, ana cire shi ta tiyata ta cikin hanci, ko da yake yakan iya dawowa. A nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa: maganin ɗigawa ko fesawa mai buɗe hanci nan take da ake saya a kemis, irin su Otrivin. Yana aiki cikin mintuna, amma idan aka wuce kwanaki kaɗan ana amfani da shi, hanci yakan ƙara toshewa da zarar ƙarfinsa ya sake, sai a ƙara ɗigawa, a shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Maganin antibayotik kuwa, mai kashe bakteriya, ba ya taɓa bairos, don haka shan sa bayan mura ba zai dawo da ƙamshi ba.

Idan jijiyoyin ne suka taɓu, babu ƙwayar da aka tabbatar tana gyara su. Abin da likitoci suka fi ba da shawara shi ne horon hanci, wanda Thomas Hummel da abokan aikinsa a birnin Dresden na Jamus suka gabatar a 2009. Ana zaɓar ƙamshi huɗu. Su sun yi amfani da furen wardi, lemun tsami, kanumfari da ganyen bishiyar turare. A zuba kowanne a 'yar kwalba mai murfi. Safe da yamma a buɗe ɗaya, a sansana a hankali na daƙiƙa 15 zuwa 20 ana tuno yadda ƙamshin yake a da, a ɗan huta, a ɗauki na gaba. A yi haka aƙalla watanni uku, kuma gara a kai shida ko fiye. Ba dole sai waɗannan huɗun ba; citta, kirfa, na'a-na'a ko turaren da mutum ya saba da shi duk za su yi.

Masu shakka suna da tambaya mai ƙarfi: tunda jijiyoyin suna sabuntuwa da kansu, ta yaya aka san horon ne ya yi aiki ba lokaci ba? Binciken farko ƙarami ne, mutum 56 kacal, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka yi horon ne suka samu ci gaba. Ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta ce hujjojin da ake da su kan magance wannan lalura bayan korona ba su da ƙarfi. Sai dai wani gwaji mafi girma da aka yi a cibiyoyi da dama na Jamus a 2014 ya nuna waɗanda suka yi horon da ƙamshi mai ƙarfi sun fi waɗanda aka ba mai rauni samun sauƙi, musamman waɗanda ba su kai shekara guda da lalurar ba. A ganina hukuncin adalci shi ne: amfaninsa matsakaici ne, ba kowa zai warke ba, amma ba shi da illa, kuɗinsa bai wuce na kayan ƙamshin miya ba, kuma fara shi da wuri ya fi. Wanda a tsakiyar horon ƙamshi ya fara jirkice masa kada ya karaya, domin farosmiya sau da yawa tana bayyana ne a lokacin da jijiyoyin ke farfaɗowa.

Game da magungunan gida, ya kamata a bambance. Sirace na iya sassauta majina na ɗan lokaci, amma ba ya gyara jijiya, kuma tukunyar ruwan zafi ta sha ƙona yara. Abin da ya fi damuwa shi ne cusa ko ɗiga abubuwa a cikin hanci: tafarnuwa, garin magani mai sa atishawa, ko mai. Tafarnuwa tana ƙona fatar ciki. Majinar da ke kwarara bayanta martanin ƙunar ce, ba cuta ke fita ba. Mai kuwa idan aka daɗe ana ɗiga shi yakan iya gangarawa huhu. Mai cewa ya gwada ya warke ba ƙarya yake yi ba, amma yawancin masu mura za su warke a wannan lokaci ko ba su sa komai ba. Kuma wannan gargaɗi bai tsaya kan na gargajiya ba. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wani maganin mura na shafawa a hanci mai suna Zicam, mai ɗauke da sinadarin zinki, bayan samun rahotanni fiye da 100 na mutanen da suka rasa jin ƙamshi. Wurin da jijiyoyin nan suke ba wurin gwaji ba ne.

Abin da za a iya karewa

Ba a iya hana tsufa ko gado, amma hular kwano tana rage tsananin buguwar kai, barin taba yana ba hanci damar farfaɗowa a hankali, kuma mai fenti, mai feshin gona da mai walda suna buƙatar abin rufe hanci da ya dace da aikinsu da wurin da iska ke ratsawa. Takunkumi a ranakun da ƙurar hunturu ta yi yawa yana taimaka wa mai alaji. Wanda ya riga ya rasa jin ƙamshi kuma sai ya ɗauki matakan tsare kansa: ya riƙa duba tiyon gas da ruwan kumfa don ganin ko yana zuba, ya sa na'urar gano hayaƙi idan da hali, ya riƙa tambayar wani a gida kafin ya ɗumama abincin da ya kwana.

Mura da ta tafi da ƙamshi na mako ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ce. Amma idan hanci ya buɗe, makonni suka wuce bai dawo ba, a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato suna da wannan sashe, haka ma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada a jira ko kaɗan idan abin ya biyo bayan buguwar kai, ko ƙofar hanci ɗaya ce ta toshe tana fitar da jini, ko wani ruwa garai-garai na ɗiga daga hanci bayan haɗari, ko ya zo da ciwon kai mai tsanani, raunin gani, karkarwa ko mantuwa. Idan kuma aka je, a faɗa wa likita ranar da abin ya fara, abin da ya faru kafin nan, sana'ar da ake yi, da duk abin da aka taɓa sawa a hancin.